Yunwar da ke biyo bayan rama

Saura wata huɗu bikin 'yarta ta fari, yayata ta ɗaura ɗamarar rage ƙiba. Ta yanke tuwon dare, ta bar masa da ƙosai, shinkafa sai ludayi guda, da safe kuma ruwan zafi da lemon tsami. Ranar kamu duk macen da ta shigo gidan nan na Anguwan Rogo da ke Jos sai ta tsaya ta sake dubanta. Kilo 11 ta zubar, har sai da tela ya rage mata ɗinkin biki sau biyu. Bayan shekara ɗaya da rabi muna zaune a tsakar gidanta, duk abin da ta zubar ya dawo har da ribar kilo 2, ban ce komai ba ita ta fara: "Auta, ni dai ba ni da haƙuri ne. Bakina ne ya ja mini."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin na san ba haka ba ne. Macen da ta yi shekara da shekaru tana azumin Litinin da Alhamis, ga Sitta Shawwal ba ta wuce ta, ba a ce mata ba ta iya danne yunwa ba. Da na matsa mata da tambaya sai ta ce yunwar da ta kama ta bayan biki daban take da ta azumi. Ta azumi ana kiran magariba ta kau, wannan kuwa ba ta da magariba. Za ta ci ta ƙoshi, kafin hannunta ya bushe hankalinta ya sake komawa kan tukunya. Wani lokaci cikin dare take farkawa, ba abin da ke ranta sai ɗumame.

Abin da ta kwatanta sananne ne a wajen masu binciken jiki, kuma an auna shi. Kitsen da ke jikin mutum ba ajiya ce kurum da ke kwance shiru ba, yana aika saƙo. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller da ke Amurka ya gano wani sinadari mai suna leftin, wanda kitse ke fitarwa cikin jini ya kai wa ƙwaƙwalwa rahoton yawan abin da ke rumbu. Idan kitse ya ragu, leftin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ya shigo gari. A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila suka ci karo da wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya da aka haifa jikinsu ba ya yin wannan sinadari. Yunwarsu ba ta da iyaka, ƙibarsu ta wuce misali tun suna ƙanana. Da aka fara yi wa irin waɗannan yara allurar leftin sai cin ya lafa, ƙibar ta soma sauka. Halin yaran bai sauya ba, tarbiyyarsu ba ta sauya ba, saƙon da ke isa ƙwaƙwalwarsu ne ya sauya. An so a ce wannan allura ta zama maganin ƙibar kowa, amma ba ta yi ba, domin mai ƙiba na yau da kullum leftin ɗinsa ya ma yi yawa. Ƙwaƙwalwa takan firgita idan ya sauka, ba ta cika damuwa ba idan ya hau.

Akwai ɗan aike na biyu, girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999. Shi daga tumbi yake fitowa, yakan hau idan lokacin cin abinci ya gabato, ya sauka bayan an ci. Shi ne mai ƙwanƙwasa ƙofa.

Tambayar da ta shafi Yaya ita ce, idan mutum ya rame ya daɗe a ramen, waɗannan 'yan aike suna sabawa su haƙura? A 2011 aka buga wani bincike da Joseph Proietto da abokan aikinsa suka yi a Melbon ta Ostireliya. Mutum 50 masu ƙiba aka ɗora kan abinci ɗan kaɗan na tsawon mako 10, suka zubar da kimanin kilo 13 da rabi kowanne. Bayan shekara guda aka sake ɗibar jininsu. Girelin yana sama da inda yake kafin su fara, leftin yana ƙasa, kuma da aka tambaye su sun ce yunwar da suke ji ta fi ta da, alhali a lokacin har sun mayar da fiye da kilo 5. Shekara cur jiki bai manta ba, yana ta neman a biya shi abin da aka karɓe masa.

Ta fuska biyu jiki ke karɓar bashinsa. Ta farko ita ce rage kashe kuɗi. Ƙaramin jiki dama ba ya ƙona abin da babba ke ƙonawa, amma raguwar takan wuce wannan lissafi. Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ya bi sawun mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin, inda kowanne ya zubar da kimanin kilo 58. Bayan shekara 6 sun mayar da kusan kilo 41, kuma jikinsu yana ƙona kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 500 ƙasa da abin da ake tsammani ga mai girmansu a kowace rana. Wannan labari ya zaga duniya a 2016, har wasu suka yanke ƙauna da cewa rage cin abinci yana lalata injin jiki. Ni a ganina an ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa, domin mutanen sun yi rama ce ta ganganci wadda ba kowa ke yin irinta ba.

Fuska ta biyu ce ta fi girma, kuma ita aka fi mantawa. A 2016 ɗin dai Hall da David Polidori suka duba bayanan wasu masu ciwon suga 153 da ke shan wani magani mai zubar da suga ta fitsari. Mutanen suna asarar kalori ba tare da sun rage ko loma ɗaya da gangan ba. Da nauyinsu ya fara sauka, sai cinsu ya fara hawa da kansa. Ƙiyasin da aka fitar shi ne, kowane kilo guda da mutum ya zubar yana ƙara masa sha'awar abinci da kimanin kalori 100 a rana, yayin da raguwar ƙonawa ba ta wuce 20 zuwa 30 ba. A ɗora wannan a kan kilo 11 na Yaya: jikinta yana roƙon ƙarin kalori sama da dubu a kullum, wato kusan wani cikakken kwanon abinci a kan wanda ta saba ci. Ba ta san da wannan lissafi ba. Abin da ta sani kawai malmala ɗaya ta daina isarta.

Kuma yunwa ba a ciki kaɗai take tsayawa ba, har tunani take mamayewa. Daga 1944 zuwa 1945 Ancel Keys ya yi wani gwaji a Jami'ar Minnesota da samari 36 lafiyayyu da suka ba da kansu. Mako 24 suna cin kusan rabin abin da jikinsu ke buƙata, har kowanne ya rasa kwatan nauyinsa. Hirarsu ta koma ta abinci, mafarkinsu na abinci, wasu suka shiga tara littattafan girki, fushi da ƙunci suka yi musu yawa. Da aka sakar musu mara suka yi ta ci ba ƙoshi na tsawon watanni, kitsen da ya dawo ya zarce wanda ya tafi. Duk wanda ya taɓa zama da mai tsananta wa kansa a kan abinci ya ga ƙaramin samfurin wannan: saurin hasala, da yawan zancen abin da aka hana kai.

To, motsa jiki fa? Nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. Ranar Asabar da sassafe za ka ga maza a titunan Jos, wasu a kewayen filin wasa na Rwang Pam, wasu sun nufi hanyar Lamingo, ana sassarfa ana haɗa gumi duk da sanyi. Abu ne mai kyau ƙwarai. Sai dai tafiyar sauri ta rabin awa ga matsakaicin mutum ba ta ƙona abin da ya wuce kalori 150 ko kusa da haka. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana da 120. Lemon kwalba na rabin lita yana da wajen 200. Wanda ya gama tattaki ya zauna a teburin mai shayi, aka soya masa indomi da ƙwai aka haɗa masa kauri, ya mayar da abin da ya ƙona ninki uku ko huɗu, kuma zuciyarsa tana gaya masa ai ya ci guminsa.

A Jami'ar Lids ta Ingila, Neil King da John Blundell sun sa mutum 35 atisaye a gaban masu sa ido, sau biyar a mako, kowane zama kalori 500, har mako 12. Kowa aiki ɗaya ya yi, amma sakamakon ya sha bamban: wani ya zubar da kusan kilo 15, wani kuma ƙaruwa ya yi da kusan kilo 2. Waɗanda ba su ragu sosai ba su ne waɗanda atisayen ya buɗe wa ciki. Shi ya sa idan maƙwabcinka ya ce gudu ya ramar da shi, kai kuma ka yi wata uku ba ka ga komai a sikeli ba, dukkanku gaskiya kuka faɗa. Ga kuma abin da Herman Pontzer ya gano a 2012 a wajen mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta da ke yin tafiyar kilomitoci kullum. Da aka auna abin da jikinsu ke ƙonawa a yini, aka yi la'akari da girman jiki, sai ya zo kusan daidai da na mazauna biranen Turai da Amurka. Alama ce cewa idan aiki ya yi yawa, jiki yakan tsuke wani wajen don ya cike giɓin.

Wanda ya tsaya a nan zai ce motsa jiki ɓata lokaci ne, kuma zai yi babban kuskure. Aikinsa na wani waje ne daban. Tun a 1956 Jean Mayer ya duba ma'aikatan wata masaƙar buhuna kusa da Kalkata ta Indiya, daga masu dakon kaya har zuwa masu zaman teburi. A cikin masu aikin ƙarfi, ci yana tafiya daidai da aiki: wanda ya fi wahala ya fi ci, nauyinsu kuma bai bambanta sosai ba. Amma waɗanda suka fi kowa zama ba su ne suka fi kowa ƙarancin ci ba. Suna ci fiye da masu ɗan motsi, kuma su ne masu teɓa. Abin da masana suka fahimta daga nan, bincike na baya kuma ya ƙarfafa shi, shi ne ma'aunin ƙoshi yana aiki daidai ne a jikin da ke motsi. Idan zama ya yi yawa sai ma'aunin ya rikice, mutum ya daina jin kiran "ya isa". Ina tuna wannan duk lokacin da na ga ɗan kasuwar da da can yake taka ƙafa daga Gangare zuwa Taminus, yau kuma daga ƙofar gida sai keke napep, daga keke sai benci, har la'asar.

Motsa jiki yana kuma tsare tsoka. Mai rage ci ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, har da nama, kuma idan nauyin ya dawo kitse ne ke rigan dawowa. Wanda ya yi ta hawa da sauka sau uku sau huɗu yana iya komawa kilonsa na da amma da raunin da bai da shi a da. Ɗaga abu mai nauyi, hawan tudu, tsugunno da miƙewa, su ne ke gaya wa jiki cewa ana buƙatar wannan tsoka, kada a taɓa ta. Tudu kuwa ba ma nemansa a Jos, Allah ya hore mana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. A Amurka akwai wani kundi da Rena Wing da James Hill suka buɗe a 1994, na mutanen da suka zubar da aƙalla kilo 13 da ɗoriya suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye. Sun haura mutum 10,000. Hanyoyin da suka bi suka rame sun bambanta, amma mafi yawansu suna motsa jiki wajen awa guda kullum, galibi tafiyar ƙafa, kuma suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako. Rage ci ne ke sauke nauyi, motsi ne ke taimakawa ya zauna a inda aka sauke shi.

Tunda yunwa ce abokiyar gaba, sai a tambayi wane abinci ne ke kashe ta da araha. A 1995 Susanna Holt ta Jami'ar Sidni ta ba mutane abinci iri 38, kowanne da kalori daidai da ɗan'uwansa, ta auna wanda ya fi riƙe ciki. An ba farin burodi maki 100. Wanda ya zo na ɗaya, da maki 323, shi ne dafaffen dankalin Turawa. Na yi murmushin jin daɗi ranar da na fara karanta wannan, domin abin da ake lodi a Bokkos da Mangu ana kai wa sauran Nijeriya ke nan. Matsalarmu ita ce mun fi son sa a cikin kaskon mai, kuma da zarar ya sha mai lissafin ya juye. Kifi, wake, ƙwai da nama su ma sun riƙe ciki sosai a wannan gwaji, kayan fulawa masu maiƙo da zaƙi kuma su ne a ƙasa. Abin da ke ƙosarwa shi ne abinci mai ruwa a jikinsa, mai dusa da ganye, mai gina jiki, wanda sai an tauna. Gwaten acca da aka cika wa alayyafo da yakuwa da yalo ya cika waɗannan sharuɗɗa, haka alale, haka kwaɗon zogale idan ba a tsula masa mai ba. Kabeji da karas da koren wake kuwa ga su jibge a Farin Gada.

A ɗaya gefen, Hall ya kwantar da mutum 20 a cibiyarsu a 2019, mako biyu suna cin abincin kamfani da aka sarrafa ƙwarai, mako biyu suna cin wanda aka dafa daga kayan gona, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin kamfani sun riƙa cin ƙarin kalori kimanin 500 a rana, suka ƙaru da kusan kilo guda. A ɗaya makonnin suka sauke kwatankwacinsa ba tare da an ce su rage ba. Abin sha mai zaƙi ya fi kowanne yaudara, domin ciki ba ya lissafa shi a matsayin abinci. Harajin naira 10 a kan kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora wa lemon kwalba bai hana shi zama abin tarbar baƙo a gidajenmu ba, kuma zoɓo da kunun zaƙin da muke haɗawa da kanmu sau da yawa ba su gaza shi suga ba.

Mu Musulmi muna da gwajinmu na shekara-shekara. Binciken da aka tattara a kan Ramadan ya nuna yawancin masu azumi kan sauke kilo ɗaya zuwa biyu, su mayar cikin 'yan makonni bayan Sallah. Azumi ibada ce, ba don sikeli aka wajabta shi ba, amma yana nuna mana yadda jiki ke hanzarin cike abin da ya rasa. Yana kuma nuna tasirin barci. A Shikago a 2004 an hana wasu samari 12 barci in ban da awa huɗu, dare biyu a jere: leftin ya sauka da kashi 18 cikin ɗari, girelin ya hau da kashi 28, kwaɗayinsu ya karkata ga zaƙi da kayan fulawa. Uwar da ke kwanciya sha biyun dare ta tashi huɗu da rabi tana fama da wannan ko da ba azumi. Hadisin da ya raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, ya fi sauƙin bi ga wanda ya yi barci ya kuma motsa jikinsa.

Akwai wani nauyin da ba na jiki ba. A wajenmu rama abin tambaya ce. Mace ta sauke kilo biyar, sai dangin miji su fara "lafiya kuwa?", uwa ta kira ɗanta gefe ta tambaye shi ko ba ya ciyar da iyalinsa. Amarya ana ɗura mata abin da zai cika ta, mai jego ana bin ta da kunun kanwa da nama, wasu 'yan mata har ƙwayoyin "sha ka fashe" suke saye a kemis, waɗanda wasunsu ke kumbura jiki su jawo hawan jini da ciwon suga. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, a birane kuma adadin ya haura kashi ɗaya cikin uku. Mace ɗaya ce ake cewa ta cika ta yi kyau, ita ce kuma likita ke cewa ta rage saboda gwiwa da jini. A tsakanin nan masu shayin rage tumbi ke cin kasuwarsu a WhatsApp. Da yawa daga irin wannan shayi gudawa da fitsari yake sawa, ruwa ne ke fita, kitse yana nan.

Allurai na zamani irin su Ozempic da Wegovy su kam suna aiki, kuma yadda suke aikin ya tabbatar da duk bayanin da ya gabata: wani ɗan aiken ƙoshi da hanji ke fitarwa suke kwaikwaya, su kwantar da yunwa. A gwajin da aka buga a 2021 masu karɓar allurar sun sauke kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68. Waɗanda aka bi sawunsu bayan sun daina sun mayar da kashi biyu cikin uku a shekara ɗaya. Ga tsada, ga jabu a kasuwa, ba kuma abin da za a yi ba ne sai da likita.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne lafiya ba ta jiran sai an koma jikin 'yanmatanci. A wani babban gwaji a Amurka da aka buga a 2002, mutum sama da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon suga aka raba rukuni-rukuni. Waɗanda aka ɗora wa burin sauke kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, fiye da na masu shan magani. Ga mai kilo 90, kashi 7 kilo 6 ne da 'yan kai. Yunwar da kilo 6 ke tayarwa mutum zai iya zama da ita shekaru, ba kamar ta kilo 15 da aka fizge cikin wata uku ba.

Da na gama zayyana wa Yaya wannan, ta yi shiru, can ta ce: "Wato ba ni ce na gaza ba." Ba ta sake yanke tuwo ba. Ta rage malmala, ta ninka miya da ganye, ta mayar da wake abincin safe, lemon kwalba sai ranar suna ko biki. Wahalar da ta fi ba ta ita ce wurin tafiya, domin unguwa ba ta saba ganin matar aure da shekarunta tana zagaye ba tare da inda za ta ba. Sai ta haɗa kai da maƙwabciyarta, bayan asuba su sa hijabi su taka har bakin titin Bauchi su dawo, kwana biyar a mako. Kilo 5 ta sauke cikin wata takwas, kuma yanzu shekara biyu ke nan yana nan bai dawo ba. A Disamba da Janairu, idan hunturu ya sauko sanyin asuba ya gagara, sukan ɗage fitar zuwa bayan la'asar, ko da yake ta ce a lokacin idon mutane ya fi yawa a hanya.